Sawu a Ƙarƙashin Lilo

Mai gadin lambu ne ya fara gani. Ya fito da safe bayan ruwan da aka sha, tsintsiya a hannu zai share ganyen da iska ta zubar, sai ya tarar da ƙarafan lilo a tsaye tsirara. Babu sarƙa, babu kujerun da yara ke zama a kai. An bi su ɗaya bayan ɗaya an yanke daga sama, 'yan guntaye kawai suka rage suna reto.

Kafin hantsi unguwa ta taru a bakin waya. Wurin nan asalinsa filin ƙwallo ne da juji a gefe. Hukuma ta ce ba ta da ƙarfin gyara shi ita kaɗai, sai ta haɗa hannu da wani kamfani: fili na hukuma, gini da kulawa na kamfani. Aka shuka ciyawa da itatuwa, aka kafa lilo, aka gina rumfar taro da shagon lemo, aka kewaye da waya aka sa tikiti a ƙofa. Iyaye sun ji daɗi, don yara sun sami inda za su huce ƙiriniyarsu ba a bakin titi ba. Samarin da aka kora daga filinsu kuwa har yau ba su huce ba.

Saboda haka kowa a bakin wayar nan yana da wanda yake zargi. Wasu suka ce 'yan jari-bola ne. Wasu suka ce mai gadi ne ya haɗa baki da ɓarayi. Wata tsohuwa ta ce aljanun jujin ne suka dawo karɓar gidansu, aka yi dariya aka ƙyale ta.

Manajan kamfanin, wani matashi mai ɗamara da yawan duba waya, shi ya aika a kira Mai-Sawu.

Mai-Sawu ya yi shekaru yana bin sawun dabbobin sata, har 'yan sanda sukan neme shi idan abu ya cuɗe musu. Da gwiwa ta fara ciwo sai ya buɗe ɗan teburi a bakin kasuwa yana sayar da kwaɗo da makulli. Abokansa suna masa tsiya wai ya gaji da bin ɓarayi, ya koma hana su shiga. An daɗe ba a neme shi ba, shi ya sa da ya iso mutane suka dare suka ba shi hanya, sai ya ji kansa ya ɗan yi girma.

Da mai gadi ya fara. Mai gadi ya rantse idonsa biyu har gari ya waye, ko ɓera bai gifta ba. Mai-Sawu ya dubi kumatunsa, inda zanen tabarma yake kwance raɗau.

"Tabarmarka ta riga ka ba da shaida, Malam," ya ce da shi.

Mai gadi ya sosa ƙeya. Ya yarda cewa da ruwa ya tsuge ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa, kuma ƙarar ruwa a kan kwano ba ta barin mutum ya ji ko kiran sunansa.

Manaja ya ce in ba a kama wanda ya yi wannan ɓarna ba, manyansa sun riga sun faɗa masa a waya, za su kwashe kayansu su garƙame lambun. Kansilan unguwa ya iso cikin babbar riga yana share gumi, ya ce aikin 'yan adawa ne masu baƙin ciki da ci gaba. Da Mai-Sawu ya tambaya wa ke da alhakin tsaron wurin, Manaja ya ce duk abin da ya shigo daga wajen waya na hukuma ne. Kansila ya ce duk abin da ya faru a cikin waya na kamfani ne. Suka yi wa juna murmushi irin na waɗanda suka saba.

Mai-Sawu ya fara leƙa rumfar mai sayen tsoffin ƙarafa da ke bayan tasha. Mutumin ya bar shi ya birkice tarin kayansa, ba a ga ko zoben sarƙa ɗaya ba. Yana karkaɗe hannu ya ce shi dai in da shi ne ɓarawon, ba zai tsaya gugar sarƙa cikin ruwa ba alhali ga injin famfo ga batirin sola a gefe. Mai-Sawu ya ji maganar, amma bai ba ta muhimmanci ba. Hankalinsa yana kan wani abu da ya hango tun da fari.

A kusurwar lambun ta baya akwai inda aka ɗaga waya daga ƙasa. Nan ya ga sawun takalmin ƙwallo, mai ƙusoshi, babba, ya shigo ya zagaya ciyawa, ya tsaya a gaban lilo, sannan ya juya da sauri ya fice ta inda ya shigo. Ya bi shi ta cikin lungu, jama'a suna biye da shi kamar ana rakiyar ango, har ƙofar wani gida mai shuɗin ƙyaure.

Kowa ya san gidan. Gidan Koci ne, dogon saurayin nan da ke koyar da yaran unguwa ƙwallo tun kafin a ƙwace filin. Kowa kuma ya tuna ranar buɗe lambu, da ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa wata rana sai ya tuge ƙarafan nan da hannunsa.

Mai-Sawu ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Sawu ya shiga nan, kuma bai fito ba."

Abin da ya biyo baya ya fi ƙarfinsa. Aka jawo Koci daga ɗaki, takalman suna nan a bakin ƙofa da taɓo a jiki. Yana cewa kullum da asuba yakan shiga ta wayar ya yi gudu, don ba shi da wani wuri, yau kuma ya tarar da lilon a yanke ya tsorata ya gudu. Babu wanda ya saurare shi. Wani ya kai masa mari, wani ya yaga masa riga, a gaban yaran da ke kiransa Koci suna rusunawa. Da ƙyar Sajan na ofishin 'yan sandan unguwa ya ƙwace shi ya tura shi bayan mota.

Mahaifiyar Koci tana tsaye a soro, ba ta yi kuka ba. Sai da mutane suka fara watsewa ta kira Mai-Sawu.

"Baba, ƙafarsa ka gani, ko hannunsa ka gani yana yanka?"

Mai-Sawu ya kawar da kai. Ya wuce.

Manaja ya kai shi shagon lemo ya sa aka buɗe masa mai sanyi, yana ta yaba masa. Tambayar matar nan ta tsaya wa Mai-Sawu a rai, ga kuma maganar mai tsoffin ƙarafa ta dawo masa. Da rana ta take, kowa ya kama gabansa, sai ya ce wa mai gadi ya buɗe masa, ya koma ƙarƙashin lilon shi kaɗai.

Wannan karon bai tsaya a tsaye yana nuni da sanda kamar ɗazu ba. Ya naɗe wando ya durƙusa a taɓo, duk da gwiwar.

Garin ƙarfen da zarto ya zubar yana nan yana ƙyalli a ƙasa. A inda Koci ya taka, ƙusoshin takalminsa sun danna garin cikin taɓo. Ke nan an riga an gama yanka kafin ya iso. Abu ne da ko a shekararsa ta farko a sana'a ba zai wuce shi ba, da ya sunkuya.

Sannan ya lura da wani abu. A ƙarƙashin kowane lilo akwai zagayayyen tabo da ya nutse a ƙasa, bakin bokiti da aka kifa aka hau. Koci yana taɓa saman ƙarfen nan ba tare da ya yi ɗage ba. Wanda ya yi aikin gajere ne.

A gefen tabo na ƙarshe, inda mai aikin ya cire silifas don kada santsi ya kwashe shi, akwai sawun ƙafa tsirara guda ɗaya, ta hagu. Ƙarama ce, mai faɗin gaba. Yatsu huɗu ne suka fito. Ɗan ƙaramin yatsan bai taɓa ƙasa ba, don ya hau kan na kusa da shi.

Mai-Sawu ya zauna daɓas a cikin taɓon.

Ya san ƙafar nan kafin ya san ta kowa. A kanta ya koyi sana'a, tun suna yara, lokacin da ƙanwarsa Auta ke gudu ta ɓuya in ta yi laifi, Inna ta ce da shi je ka nemo min ita.

Duk da haka ya bi sawun, ko Allah zai sa idonsa ne ya tsufa. Silifas ɗin suka fita ta ƙarƙashin wayar. A cikin kwalbatin da ke baya ya tarar da sarƙoƙin da kujerun an cusa su wuri ɗaya. Ya jawo su. A jikin ɗaya akwai zobe da ya buɗe baki, gefensa da kaifi kamar reza, an naɗe shi da wani tsumma da ya riga ya zame.

Auta wankau take yi tun da mijinta ya rasu. Tsakar gidanta igiyoyi ne birjik, zannuwan gado na mutane suna ɗiga, bahuna a jere, dutsen guga yana hayaƙi a kan benci. Bokitin ƙarfe yana gefen rijiya, bakinsa da busasshen taɓo. Mai-Sawu ya yi sallama, sai ya ji muryarsa ta zama ta baƙo. Ya manta rabon da ya tako gidan.

'Yar Auta ta fito da gudu tana kiran Kawu, amma da ta zo gaishe shi sai ta ɓoye hannun dama a bayanta ta miƙo na hagu. Ya yi mata wasa, ya ce me aka ɓoye masa. Ya jawo hannun a hankali. Yatsu biyu babu, wurin ya warke ya yi jajir.

Auta ta tura yarinyar ɗaki, ta ci gaba da guga, ba ta dube shi ba.

Ta ba shi labari da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Zoben sarƙa ne ya buɗe ya kama yatsun yarinyar tana sama, ta faɗo yatsun suka tsaya. A asibiti aka ƙarasa cirewa. Da ta je wurin Manaja ya jajanta sosai, ya ce duba lafiyar kayan wasa aikin hukuma ne, ya ba yarinyar katin shiga lambu kyauta. A ofishin hukuma aka ce kamfani ne ya kafa lilo, kamfani zai gyara. Kansila ya ce zai yi magana. Ita ba diyya ta je nema ba, cewa kawai take a cire sarƙar.

"Kai ma na kira ka, Yaya," ta ce. "Ka ce Allah ya kiyaye gaba, za ka leƙo."

Ya tuna wayar. Yana tsakiyar ciniki, ya ji an ce yarinya ta ji ciwo a lilo, ya ɗauka ƙujewa ce irin ta yara. Bai sake tambaya ba.

Jiya, in ji ta, ta wuce ta gefen lambun da ƙullin wanki a ka, ta hango wani ɗan yaro da bai kai 'yarta ba a kan lilon nan dai, hannunsa a kan tsumman, yana ta ƙyalƙyala dariya. Ta dawo gida ta kasa cin abinci. Zarton marigayi yana cikin akwatin kayan aikinsa. Da ta yanke na farko sai ta ga sauran ma duk sun ci tsatsa, ta ƙarasa su.

Mai-Sawu ya ce, cikin ƙasa-ƙasa da murya, zai iya wanke Koci ba tare da ya ambaci kowa ba. Zai ce sawu na biyu ya ɓace a kan kwalta. Babu mai ƙaryata shi.

Auta ta ajiye dutsen guga.

"Tun ɗazu aka zo aka gaya min an kama yaron nan, na ɗauki mayafi na ajiye ya fi a ƙirga. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Amma in ka rufe, gobe za su sayo wata sarƙar su rataya, shi kuma har ya mutu ana nuna shi da baki. Je ka tara min su Manaja."

Kunya ta sake rufe shi, don ita ce ƙarama kuma ita ta faɗi abin da ya kamata ya faɗa.

Bayan la'asar aka hallara a rumfar taron lambun. Manaja da Kansila suka zauna a kujerun gaba, mai gadi ya raɓe a jikin ginshiƙi. Sajan ya zo da Koci, leɓensa a kumbure, an ara masa wata riga da ta yi masa kaɗan. Mutanen unguwa suka cika bayan rumfar, har da waɗanda suka kai hannu da safe. Auta ta zauna can gefe cikin mata, 'yarta a jikinta.

Mai-Sawu ya zube sarƙoƙin a tsakiya. Ya ce kafin komai, shi ne ya fara yin laifi a yau. Ya ga sawu ya yi gaggawar magana don a ce har yanzu yana nan da idonsa. Ya bayyana garin ƙarfen da tabon bokiti, ya ce Koci bai taɓa lilon nan ba, bayan an gama ya iso.

Aka fara gunaguni. Manaja ya ce to wane ne.

Mai-Sawu ya ɗago zoben da ya buɗe baki, ya tambayi mai gadi wa ya naɗa masa tsumma. Mai gadi ya saci kallon Manaja, ya ce shi ne, bayan abin da ya sami wata yarinya. Ya gaya wa Oga, Oga ya ce a lallaɓa kafin mutanen hukuma su zo dubawa. Kansila ya gyara zama ya ce ai shi ba a sanar da shi a rubuce ba.

"Na sanar da kai da bakina, a ƙofar gidanka," in ji Auta.

Ta miƙe. Ta ce ita ta yanke, da zarton mijinta, ita kaɗai, kuma ba ta sayar da ko ƙusa ba. Ta kamo hannun 'yarta ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Yarinyar ta cusa fuska cikin mayafin uwarta.

Manaja ya kifa wayarsa a kan cinya. Kansila ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa.

Wata mata daga baya ce ta fara magana. Ta ce ita ta sani, har dubiya ta je, kuma tun daga ranar ta hana 'ya'yanta hawa lilon ƙarshe, amma ba ta gaya wa kowa ba. Wani magidanci ya ce shi ma haka ya gargaɗi nasa. Sai ga shi kusan rabin rumfar sun sani. Kowa ya ja nasa gefe ya bar na wani ya hau. Mutumin da ya mari Koci da safe yana cikinsu, ya zame ta baya ya fita ba sallama.

Manaja ya ce kamfani ya janye ƙara. Sajan ya ce an riga an shigar da magana, dole Auta ta biyo shi ofis ta ba da bayani, Manaja da Kansila su ma za su bayar da nasu. Ya dafa kafaɗar Koci ya ce ya tafi gida.

Mai-Sawu ya tari gaban Koci ya ce ya yafe masa. Koci ya dube shi daga sama, ya ce ba a nan ya yi masa laifi ba.

"A ƙofar gidanmu ka faɗa, a gaban mahaifiyata. Can za ka je ka warware, da irin muryar da ka faɗa."

Ya je. Ya tsaya a gaban shuɗin ƙyauren, lungu cike da mutane, ya ɗaga murya ya ce ƙarya idonsa ya yi, yaron gidan nan ba shi da laifi. Mahaifiyar Koci ta saurara har ya gama, ta ce ta ji, ta shiga gida. Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai ga fuskar tambaya ba.

Daga baya an rufe lambun na ɗan lokaci. Hukuma da kamfani suka sake zama, aka fayyace wanda zai riƙa duba kayan wasa, aka ɗauki nauyin maganin yarinyar, aka kuma ware wa Koci da yaransa gefen ciyawa da safe. Maganar Auta ba ta kai kotu ba.

Amma a yammacin nan babu wanda ya san haka za ta ƙare. Da Mai-Sawu ya dawo daga gidan Koci ya tarar Auta ta bar 'yarta wurin maƙwabta, ta ƙi shiga motar Sajan, ta ce da ƙafarta za ta je. Ta kama hanya, mayafi a yafe, mutane suna leƙe ta tagogi. Ya bi ta a baya, kansa a sunkuye, ya kasa haɗa ido da kowa.

Sun kusa kwanar ofishin ta tsaya ta waiwayo.

"Yaya, ka daina bin bayana kana kallon ƙasa, ai ka riga ka same ni. Zo ka jera da ni."

Ya ɗago kai, ya ƙarasa kusa da ita, suka shiga tare.